Garkar gida tare da jikoki, da fita bakin ruwa lokacin bazara

Ya kai mai karatu, ya ke mai karatu, idan Allah ya ja kwananku har kun ga jikoki, wannan bayani naku ne. A garuruwa da ƙauyuka da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da zarar an gama girbi sai magidanta da samari su tafi ci-rani. Gida ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. A wannan lokaci ganyen daji ya bushe, miya ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa, jikin yara kuma yana bukatar abin da ya fi haka.

Ƙaramar garka a bayan ɗaki tana iya toshe wannan giɓi. Ba ta son babban fili, ba ta son kuɗi masu yawa. Abin da take so shi ne kula ta kullum. Kaka yana da sani da haƙuri, jika yana da ƙafa da kuzari. Idan aka haɗa su, aiki ya yi sauƙi.

Za mu yi bayani a kan abubuwa biyu. Na farko, yadda za ku kafa garka tare da jikokinku. Na biyu, yadda za ku kiyaye rayukansu idan zafin bazara ya ja su zuwa bakin ruwa.

Mi ya sa garkar gida take da muhimmanci?

Bayan farin shekarar 1984, hukumomin Nijar a zamanin shugaba Seyni Kunce sun yi kira ga jama'a su rungumi noman rani. Tun daga nan garake suka yawaita a bakin gulabe, tafkuna da rijiyoyi. Albasar Galmi, ta jihar Tawa, ta yi suna har a ƙasashen maƙwabta. Matsalar abinci ta shekarar 2005, wadda ta fi taɓa ƙananan yara a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta sake tuna mana cewa cikar ciki daban, ginin jiki daban. Yaro yana iya ƙoshi da fura da tuwo, amma jikinsa ya rasa wasu sinadarai.

Ga abin da kayan garka suke ba jiki:

- Karoti, kabewa, ganyen zogala da alayyahu suna ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin yana kawo dundumi, wato kasa gani da dare, kuma yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da cututtuka kamar ƙyanda da zawo.
- Ganyaye masu duhun kore suna da sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake bukata domin yin jini.
- Tumatir, tattasai da lemun tsami suna da bitamin C, wanda yake taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe.
- Wake da gyaɗa suna gina tsoka.

Bitamin A yana shiga jiki sosai idan akwai maiƙo a cikin abinci. Saboda haka idan za ku yi kwaɗon zogala, ku sa ƙuli-ƙuli ko ɗan man gyaɗa. Jariri kuwa, nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga wata 6 ake fara ƙara masa kunu da dafaffen ganye da aka murje da laushi, ana ci gaba da ba shi nono.

Zaɓen wuri da gyaran ƙasa

Ku zaɓi wurin da rana take samu aƙalla awa 6 a yini, kusa da ruwa, nesa da masai da wurin zubar da shara. Kafin ku shuka komi, ku yi shinge. Darnin kara ko ƙaya ya isa. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata biyu kafin a gama sallar azahar.

Ku fara da kaɗan. Fangali biyu ko uku sun isa a shekarar farko. Ga yadda ake yin fangali:

1. Ku auna faɗi mita 1, tsawo mita 3. Da wannan faɗi, hannun yaro yana kai tsakiya ba sai ya taka shuka ba.
2. Ku bar hanya ta santimita 50 tsakanin fangali da fangali.
3. Ku kafce ƙasa zurfin santimita 25 zuwa 30, ku fitar da duwatsu, leda da saiwoyin haki.
4. Ku zuba bokiti 2 na ruɓaɓɓen taki, ku cuɗa shi da ƙasa.
5. Ku daidaita sama, ku ɗaga gefuna kaɗan domin ruwa ya tsaya.
6. Ku yi ban ruwa kwana 2 ko 3 kafin shuka.

Kada ku sa ɗanyen kashin dabbobi. Yana ƙona saiwa, yana kawo ƴaƴan haki da ƙwayoyin cuta. Idan kuna son taki mai kyau, ku gina rami, ku riƙa jera busasshiyar ciyawa, kashin dabbobi, ɓawon kayan miya da ƴar toka, hawa bisa hawa, kuna yayyafa ruwa. Ku juya shi kowane mako biyu. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya daina zafi, ya yi ƙamshin ƙasar damina. To, ya nuna.

Wanda ba shi da fili kada ya ce an bar shi a baya. Tsohon buhu, fasasshen bokiti ko tukunyar da ta tsage, idan aka cika su da ƙasa da taki, aka huda ƙasansu domin ruwa ya fita, suna ɗaukar tumatir, tonka ko alayyahu.

Mi za a shuka, kuma yaushe?

Kowace shuka da lokacinta. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne na salati, shu, karoti, tumatir da albasa. Ana fara renon irinsu tun watan Oktoba ko farkon Nuwamba. Idan zafi ya shigo, salati yakan yi tsiri ya yi ɗaci, furen tumatir kuma ya riƙa zubewa ba tare da ya yi ɗa ba. A lokacin sai a koma ga masu jure zafi: alayyahu, lalo, yakuwa, kuɓewa da zogala.

- Salati: ana renon iri kimanin mako 3, a dasa da tazarar santimita 25 zuwa 30. Ana cira wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi bayan dashe.
- Tumatir: reno mako 3 zuwa 4, tazara santimita 50. Ana fara tsinka wata 2 zuwa 2 da rabi bayan dashe. Ku kafa masa sanda domin kada ƴaƴan su kwanta a ƙasa.
- Karoti: ba a dasa shi. Ana shuka shi kai tsaye a layi, tazarar layi santimita 20 zuwa 25. Idan ya tsiro a rage shi, a bar santimita 5 tsakanin tushe da tushe. Yana kai wata 3.
- Albasa: reno kimanin wata ɗaya da rabi, tazara santimita 10 zuwa 15. Tana son haƙuri, domin takan kai wata 3 zuwa 4 bayan dashe.
- Alayyahu: shi ne mai saurin biya. Mako 3 zuwa 4 bayan shuka an fara yanka.
- Zogala: ku shuka ta a gefen shinge. Tana tsirowa cikin mako 1 zuwa 2. Idan ta kai mita 1 ku datse kanta, domin ta yi rassa, ganyen ya zauna inda hannu yake kai.

Ku yi dashe da marece, idan rana ta yi sanyi, ku ba da ruwa nan take. Fangali mai mita 1 da mita 3 yana shan kimanin lita 20 a yini lokacin sanyi, rabi da safe, rabi da marece. Lokacin zafi yana bukatar fiye da haka. Ku rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ruwa zai daɗe bai ƙafe ba. Ruwan wankin hatsi da na alwala kada a zubar da su a banza, a kai su gindin zogala.

Aikin da ya dace da kowane yaro

Tsakanin kaka da jika akwai wasa tun fil azal. Tsohuwa tana ce wa jikanta “mai gidana”, tsoho yana ce wa jikanyarsa “amaryata”. Abin da yaro zai ji nauyin tambayar ubansa, yana tambayar kakansa yana dariya. Ku yi amfani da wannan sakewa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaro mai shekara 3 zuwa 5: ku ba shi manyan iri kamar wake, kabewa ko zogala ya sa a rami. Ku ba shi ƙaramin gwangwani da aka huda ya yi ban ruwa. Wake yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, yaro ba zai gaji da jira ba.

Yaro mai shekara 6 zuwa 9: ya iya cire haki, rage karoti, tsinkar ganye da duba bayan ganye ko akwai tsutsa. Ku fara nuna masa bambancin shuka da haki, in ba haka ba zai tuge duka biyun.

Yaro mai shekara 10 zuwa sama: ya iya auna fangali da igiya, yin dashe, juya taki da rubuta lissafi.

Ku ware wa kowane yaro ɗan wurinsa, ko da faɗin tabarma bai kai ba. Ku ce masa: “Wannan naka ne, kai za ka shayar da shi, kai za ka kai wa innarka abin da ya fito.” Idan ya manta da ban ruwa shukarsa ta yi yaushi, kada ku doke shi. Ku nuna masa tasa, ku nuna masa ta ɗan'uwansa, ku bar shi ya gane da kansa. Ku haɗa ƴan mata da ƴan maza a aikin, kada a bar wa ƴan mata ɗibar ruwa su kaɗai.

Garka kuma aji ce. Ku da kuke koyon karatu a ajin yaƙi da jahilci, ku rubuta sunan kowace shuka da ranar da aka shuka ta a ɗan katako, ku kafa a bakin fangali. Jikanku ɗan makaranta ya duba rubutun. Ku sami littafi guda, ku riƙa rubuta ranar shuka, ranar dashe, abin da aka tsinka, abin da aka ci da abin da aka sayar. Shekara mai zuwa wannan littafi zai gaya muku abin da ya karɓi ƙasarku.

Ku koya musu ajiyar iri kamar yadda kuka gada. A zaɓi kuɓewa, yakuwa ko tumatir daga tushen da ya fi lafiya, a bari su ƙosa, a shanya a inuwa, a adana a kwalba mai murfi. Amma irin kanti da aka rubuta F1 a jikin takardarsa, ƴaƴansa ba su fitowa kamar uwarsu, don haka ba a ajiye shi.

Kiyaye lafiyar yara a garka

- Aikin garka kada ya hana yaro zuwa makaranta. Ɗan lokaci da safe ko da marece ya isa.
- Kada yaro ya ɗauki ruwan da ya fi ƙarfinsa. Bido mai lita 20 kayan babba ne.
- Rijiyar garka ta kasance da murfi ko katanga. Randa, duro da bokitin ruwa su ma a rufe su. Ƙaramin yaro yana iya nitsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba. Rufewar kuma tana hana sauro haihuwa.
- Yara su sa takalmi, kada su tura hannu ƙarƙashin ciyawa ko cikin rami, saboda kunama da maciji.
- Maganin ƙwari na kanti guba ne. Yaro kada ya taɓa shi, kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a sa ruwa ko abinci a mazubinsa.
- A wanke hannu da sabulu bayan aiki da kafin cin abinci. Salati, tumatir da karoti a wanke su sosai da ruwa mai tsabta.
- Idan hauya ko ƙaya ta ji wa yaro rauni, a wanke da ruwa da sabulu. Idan raunin yana da zurfi a kai shi likita, saboda cutar sandarewar jiki da ake kira tetanus.

A ƙaramar garka, sau da yawa hannu ya isa maganin tsutsa. Idan ƙwari sun yi yawa, ku daka busassun ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, ku jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, ku tace, ku fesa da marece. Babba ne zai yi wannan aiki.

Bazara da kiran ruwa

A ƙasashen Turai, watannin Maris, Afrilu da Mayu lokaci ne da sanyi yake janyewa, itatuwa su yi toho, iyalai su fara shuka, wasu su kai yara shan iska bakin teku. A wurinmu waɗannan watanni su ne bazara, lokacin da ma'aunin zafi yakan wuce 40. Aikin garka ya ragu, gumi ya ƙaru, hankalin yara ya koma ga ruwa: tafkin Madarunfa, tafkin Tabalak, tafkin Gidimuni, kogin Kwara a Yamai, da kududdufan da ba su ƙafe ba.

Fita bakin ruwa tare da iyali abu ne mai daɗi. Yara su ga masunta da kwale-kwale, su ga tsuntsaye, a zauna a inuwa a ci abin da aka tsinko a garka. Amma akwai haɗari biyu da ya wajaba ku sani.

Haɗari na farko: nitsewa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A wannan shekara ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin faɗakarwa a kan wannan matsala.

Yaron da ruwa yake ci sau da yawa ba ya ihu, domin numfashi yake nema. Cikin ɗan lokaci ƙanƙane ya ɓace. Saboda haka:

- A sa babba guda, a ambaci sunansa, wanda aikinsa kallon yara ne kawai. Idan kowa ya ce wani yana kallo, to babu mai kallo.
- Kada a ba yaro tsaron yaro a bakin ruwa.
- Ƙaramin yaro kada ya yi nisan da hannun babba ba zai kai gare shi ba.
- Ku tambayi masunta da mutanen wurin inda yake da zurfi, laka ko rami. A kogin Kwara ku tambaya har da wuraren dorina.
- Kada a cika wa kwale-kwale kaya da mutane.

Idan wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. Ku yi kururuwa, ku miƙa masa doguwar sanda, rawani ko zane, ko ku jefa masa bido maras komi da aka rufe bakinsa, domin yana yawo bisa ruwa. Idan an fito da shi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danne cikinsa. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa. Idan ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya ruga neman taimako. Ko ya farfaɗo, a kai shi likita a ranar. Ku roƙi ma'aikatan lafiya na garinku su nuna muku wannan aiki a aikace tun kafin bukata ta taso.

Haɗari na biyu: tsargiya

Tsargiya, wato fitsarin jini, tsutsa ce take kawo ta. Mai cutar idan ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta ruwa. Daga nan ƴaƴan tsutsar su fito, su huda fatar mai wanka, mai wanki ko mai kamun kifi. Ido ba ya ganinsu. Jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, cuta ce. Tana rage jini, tana sa kasala a makaranta, idan ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda.

Tana da magani, sunansa praziquantel. Tun shekarar 2004 Nijar ta fara raba shi ga yara masu shekarun makaranta a yankunan da cutar ta yi yawa. Idan masu rabo sun zo, ku bar jikokinku su sha, bayan sun ci abinci. Ku hana yara fitsari da bayan gida a ruwa ko kusa da shi. Ruwan tafki da aka ɗebo domin wanka, idan ya kwana biyu a mazubi tsutsar tsargiya ta mutu, amma wannan bai mayar da shi ruwan sha ba. Ku tuna da kurkunu: da tace ruwa da haɗin kan jama'a aka kore shi, har a shekarar 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi.

Idan tafiya ta kai ku bakin teku

Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano ya fi kilomita 1000. Amma ƴan kasuwa da ƴan ci-rani sun daɗe da sanin Kwatano, Lome, Akra da Abijan, wasu ma can jikokinsu suke. Wanda ya iya iyo a tafki kada ya ɗauka ya iya teku. Ruwan teku yana hawa yana sauka sau biyu a yini, wurin da kuka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana da ƙarfi ƙwarai, kuma akwai wuraren da ruwa yake komawa ciki da gudu, yana jan mutum. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu domin a gan shi. Yara su yi wasansu a busasshen rairayi, hannunsu kusa da naku. Ruwan teku gishiri ne, ba a shan sa, ba a ba shuka.

Ko tafki ko teku, ku fita da sassafe ko bayan la'asar. Ku tafi da ruwan sha daga gida, ku riƙa ba yara tun ba su ce suna jin ƙishirwa ba.

Abin tunawa

Da yayyafi kogi kan cika. Ku fara da shinge, fangali biyu da ɗan littafin lissafi. Ku ba kowane jika wurinsa da aikin da ya yi daidai da ƙarfinsa. Ku rufe rijiya da randa. A bakin ruwa, idon babba kada ya bar kan yaro.

Ga tambayoyin da za ku tattauna a aji ko a majalisa: Wane ganye ne ya fi wuyar samu a garinku lokacin bazara? Ina ne yaran unguwarku suke zuwa wanka, kuma wa yake kallonsu? Wane iri kuka gada daga kakanninku da kuke son jikokinku su riƙe?